Ƙarkon Gidan Faifai da Makomar Waƙoƙin da Ke Ajiye a Soron Ɗinki

A gidajen Soron Ɗinki, unguwar da ke cikin ganuwar birnin Kano, kamar yadda yake a Yakasai da Kurawa da sauran unguwannin cikin gari, da wuya a rasa durowa ko adaka ko saman kabad da aka jibge faya-fayan CD waɗanda aka saya tsakanin farkon shekarun 2000 da tsakiyar shekarun 2010, zamanin da faifai ne babbar hanyar da waƙa da fim da wa'azi suke bi su shiga gida. A cikin irin wannan jibgi akan tarar da waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo waɗanda aka kwafo daga kaset, da na Aminu Ala da Nazifi Asnanic da Fati Nijar, da ƙasidun sha'irai, da tafsirin watan azumi, da kuma faifan bikin 'yar gidan wanda ba shi da na biyu a duniya. Idan aka zazzage su aka bi ɗaya bayan ɗaya, abin da yakan bayyana shi ne cewa faifan da ya tsira da wanda ya mutu sau da yawa shekararsu ɗaya, shagon da aka sayo su ma ɗaya, bambancinsu kawai shi ne mazubin da kowannensu ya zauna a ciki. Wannan mazubi, wanda 'yan kasuwa suke kira gidan faifai ko gidan sidi, shi ne abu mafi araha a cikin cinikin gaba ɗaya, shi ne kuma wanda aka fi rainawa, alhali a kansa tsawon ran abin da aka ɗauka ya rataya.

Ba za a fahimci aikin gidan ba sai an san abin da yake karewa. Faifan CD, wanda kamfanonin Philips na ƙasar Holan da Sony na Japan suka fitar kasuwa a shekarar 1982, faɗinsa milimita 120 ne, kaurinsa kuwa milimita 1.2, kuma kusan dukkan wannan kauri wata roba ce mai garai-garai da ake kira folikabonet. Sautin yana rubuce ne a matsayin 'yan ramuka ƙanana da ido ba ya iya gani, waɗanda aka jera a kan layi guda mai naɗewa daga tsakiyar faifan zuwa bakinsa, layin da tsawonsa ya haura kilomita 5 da za a miƙe shi. A bisa ramukan an shimfiɗa ƙarfen alminiyom siriri domin ya mayar da hasken na'ura, a bisa ƙarfen kuma an shafa wani ruwan kariya wanda bai kai kaurin gashin kai ba, sannan aka buga suna da hoto. Ma'anar wannan ita ce fuskar da take ɗauke da hoton mawaƙi, wadda mutane suke ɗauka bayan faifai ce mara amfani, ita ce mafi kusa da sautin kuma mafi rauni; ƙarzuwa a fuska mai ƙyalli takan sa faifai ya riƙa cijewa ko tsalle, ana kuma iya goge ta a wasu lokuta, amma karce mai zurfi a fuskar hoto yakan ɗebe ƙarfen ne tare da sautin da yake riƙe da shi, ba kuwa mai iya mayar da shi. Faifan DVD, wanda ya fito a 1996, ya fi samun kariya ta wannan fuska, domin shi fale-fale biyu ne masu kaurin milimita 0.6 aka manne, bayanan suna tsakiya, sai dai kuma mannin nan yana iya ɗagowa idan ana yawan lanƙwasa shi wajen cirewa.

Gidan da aka fara yi wa CD shi ne farin nan mai kama da gilashi, wanda wani ma'aikacin Philips mai suna Peter Doodson ya tsara, faɗinsa milimita 142, tsayinsa 125, kaurinsa kuma 10. Ana yin sa da robar folistirin, wadda aka zaɓa saboda tana da haske ƙwarai, tana da tauri, tana kuma da sauƙin narkarwa a zuba a ma'auni, amma tana da aibi guda babba, wato gautsi: ba ta lanƙwasa, da zarar nauyi ya fi ƙarfinta sai ta tsage. Duk wanda ya riƙe irin wannan gida ya duba shi da kyau zai ga cewa murfin yana maƙale ne da 'yan hannuwa biyu sirara a gefen hagu, kowanne da ɗan ƙullutu wanda yake shiga rami a jikin gindin, kuma idan gidan ya faɗo daga kan tebur ya sauka a kan kusurwa, waɗannan hannuwa ne suke ɗaukar dukkan bugun. Wuri na biyu mai rauni shi ne 'yan haƙoran da suke tsakiyar farantin da faifan yake zama a kai, waɗanda suke kama ramin faifan mai faɗin milimita 15. A duk lokacin da aka danna su don cire faifai sai sun ɗan sunkuya, a hankali har su gaji su karye, kuma haƙorin da ya karye ba ya fita daga gidan, yana nan yana yawo a ciki yana ƙarzar abin da aka ce ya tsare. Faranti baƙi ko mai ruwan toka ya fi fari ƙarko, domin an gauraya robarsa da ɗan danƙo wanda yake rage mata gautsi, shi ya sa tsofaffin gidaje masu baƙin ciki sukan fi na baya-bayan nan masu haske duka daɗewa da haƙoransu.

Duk da wannan rauni, bai kamata a yi wa farin gidan rashin adalci ba, domin tsarinsa yana da hikimar da babu ita a leda ko kwali. Faifan da yake zaune daidai a cikinsa a rataye yake ta tsakiya, fuskarsa mai ƙyalli ba ta taɓa farantin, fuskar hoto kuma ba ta taɓa murfin, saboda haka ko an daɗe ba a buɗe ba babu abin da zai goge shi ko ya manne masa. Murfin da ya tsage ya riga ya karɓi bugun da da faifan ne zai karɓa, abin da ya rage shi ne a musanya shi, ba a zare faifan a bar shi tsirara ba kamar yadda aka saba.

Gida na biyu shi ne baƙin nan dogo mai taushi da aka fi sani da faifan DVD, wanda tsayinsa yake kusan milimita 190, faɗinsa 135. Ana yin sa da wata roba dabam mai suna folifurofilin, irin wadda ake yin murfin kwalaben da ake ɓallewa a rufe da ita, kuma fifikonta shi ne tana jure lanƙwasa sau dubbai ba tare da ta tsage ba. Saboda haka wannan gida ba shi da hannuwa ko ƙullutu, gaba ɗayansa yanki ɗaya ne, wurin naɗewarsa kawai an sirantar da robar ne a gadon baya. Idan ya faɗi ba ya fashewa, idan aka taka shi yakan lotsa ya dawo, kuma baƙinsa yana hana haske isa ga faifan. Akan iya bambanta robobin biyu ta alamar kibiyoyi uku da wasu masana'antu suke bugawa a jiki, inda lamba 6 take nufin folistirin, lamba 5 kuma folifurofilin. Ga mai ajiya a Kano, inda yara da ƙura da zafi suke tarayya a kan kayan ɗaki, baƙin gidan ya fi farin nesa ba kusa ba, ko da yake farin ya fi kyan gani a cikin gilashin ado. Sai dai baƙin ma iri-iri ne, domin akwai masu arahar da aka yi da robar da aka niƙa aka sake narkarwa, waɗanda akan gane su da rashin nauyi da warin ƙauri da kaushin jiki, kuma maɓallinsu na tsakiya yakan riƙe faifai da tsanani har sai an tanƙwara shi kafin ya fito, abin da yake haifar da 'yar tsaga a bakin ramin. Tsagar tsakiya ita ce mafi muni, domin daga nan na'ura take fara karatu, kuma juyawa da sauri tana ƙara buɗa ta.

Gaskiyar lamarin kuwa ita ce mafi yawan faya-fayan da suka shiga gidajen Soron Ɗinki ba su taɓa ganin ko ɗaya daga cikin gidajen nan biyu ba, dalilin haka kuma yana cikin tarihin kasuwar kanta. Tun zamanin kaset, bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kasuwar Ƙofar Wambai ce cibiyar kwafa da rarraba sauti da hoto a Arewa, daga baya shagunan Bata suka bi sahu. Masanin halayyar al'umma Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990 ya kuma wallafa littafinsa Signal and Noise a 2008, ya bayyana yadda cinikin yake tafiya: mai fim yakan miƙa wa dillali uwar kaset tare da dubban kwalaye da ya buga, dillalin ya kwafa da kansa a kan kaset ɗin da ya saya, kuɗin mai fim kuwa yana fitowa ne daga yawan kwalin da aka sayar. Ke nan kwali, wato takardar da aka buga hotunan 'yan wasa da sunan kamfani a kanta, shi ne shaidar mallaka kuma shi ne haja ta gaskiya. Da faifai ya maye gurbin kaset, wannan ɗabi'a ba ta sauya ba, an ci gaba da zuba kuɗi da basira a kan kwali, faifan kuwa aka zura shi cikin 'yar leda aka cusa a ciki. Hujjar ɗan kasuwa a bayyane take, kuma ba ta rashin hankali ba ce, domin gidan roba yana ƙara tsada a kan hajar da ribarta 'yan nairori ne, yana cin wuri a cikin katan, yana kuma fashewa a bayan motar da za ta kai kaya Maraɗi ko Damagaram ko Agadas, alhali kwali dubu suna shiga buhu guda su isa lafiya. Kasuwar an gina ta ne a kan sabon fitowa na wannan mako, ba wanda ya yi lissafin shekara ashirin.

Abin da leda da kwali suke yi wa faifai a tsawon lokaci yana da sauƙin gani. Duk shiga da fita gogayya ce, kuma idan ƙwayar yashi guda ta faɗa cikin ledar, to kowace zarewa sai ta ja layi a fuskar faifan. Wasu ledojin, musamman masu kauri da santsi irin na jakar faifai mai zif da direbobi suke ratayawa a mota, ana yin su ne da robar PVC, wadda ake zuba wa wani mai don ta yi laushi, kuma idan ta sha zafi man yakan tsattsafo ya bar dusashe a jikin faifai, ko ledar ta manne da fentin hoton ta yadda in an ɓanɓare ta sai ta taho da ƙarfen. Takarda ma ba ta kuɓuta daga zargi ba. A tsakanin 1988 da 1993 wata masana'anta mai suna PDO da ke garin Blackburn a Ingila ta buga faya-fayai masu yawa waɗanda daga baya suka rine zuwa launin tagulla suka daina karantuwa, kuma bayanin da aka bayar shi ne ruwan kariyarsu ya kasa jure sinadarin kibiritu da yake fitowa daga takardun da aka saka a cikin gidajen. Idan haka ta faru da faifan da bai ko taɓa takardar ba, a ƙasa mai sanyi, ana iya kwatanta halin wanda ya kwana shekara goma sha biyar a manne da kwali mai arha a ɗakin Kano.

Yanayin garin yana kawo wa gida da faifai farmaki iri uku, kowane lokaci da nasa. A bazara, musamman watan Afrilu, zafin rana a Kano yakan kusanci digiri 40, a cikin ɗaki mai rufin kwano ba silin ko a gaban mota da aka rufe kuwa yakan wuce haka sosai; folistirin ba ta narkewa a wannan zafi, amma idan an ɗora mata nauyi takan karkace, hasken rana kai-tsaye kuma yana mayar da ita rawaya ya ƙara mata gautsi. A hunturu iska takan bushe ƙayau, busasshiyar roba kuwa tana tara irin lantarkin nan da yake sa tufafi su riƙa ƙara a jiki, wanda yake jawo ƙura ta manne, ƙurar hunturu kuma, wadda kaso mai yawa nata yake tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi wanda ya fi robar faifai tauri, saboda haka goge faifai mai ƙura da gefen riga daidai yake da kankare shi. A damina kuma laima ce take ratsa duk wata 'yar ƙofa da karce ya buɗe ta isa ga alminiyom ta cinye shi, har idan aka ɗaga faifan ga hasken taga a ga 'yan huji-huji kamar na allura. A 2001 wasu masana a Sifen sun ba da rahoton wani nau'in fumfuna da suka samu yana cin jikin faifan da aka ɗauko daga ƙasar Belis mai zafi da danshi. Jagorar da hukumar ma'aunai ta Amurka ta fitar a 2003 game da kula da faya-fayai ta ba da shawarar a ajiye su a zafin da bai wuce digiri 20 ba, da danshin iska tsakanin kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari, sharaɗin da kusan babu gidan talaka a Kano da zai iya cika shi. Amma a nan tsohon ginin cikin gari yana da wata falala da ba a cika lura da ita ba, domin ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana jinkirta shigar zafin rana da sanyin dare, kuma rashin hawa da saukar zafi kwatsam yana daga cikin abin da faifai ya fi buƙata. Illarsa ita ce laimar da take hawowa ta gindin bango da kuma gara, wadda ba ta cin roba amma takan cinye kwali tas ta bar ƙasa a madadinsa.

Akwai kuma wani bambanci da ya sa wannan magana ta fi shafar gidajen cikin birni fiye da manyan ɗakunan ajiya. Faifan da aka buga a masana'anta, irin wanda akan kai aikinsa Legas, ramukansa a jikin robar aka danna su, don haka suna nan muddin ƙarfen bai lalace ba. Faifan da aka ƙona a kwamfutar shago kuwa ba shi da ramuka na haƙiƙa, wani rini ne a cikinsa wanda hasken na'ura yake ƙonawa ɗigo-ɗigo, ana kuma gane shi da launin kore ko shuɗi a fuskarsa mai ƙyalli, ko ruwan hoda mai duhu idan DVD ne. Rini kuwa, kamar yadda kowane marini na Ƙofar Mata ya sani, rana tana kashe shi. Abin takaicin shi ne cewa abubuwan da ba su da madadi su ne suke kan irin wannan faifai mai rauni: zaman maulidi na zawiyyar unguwa, saukar karatun allo, wasan da wani makaɗi ya yi a ƙofar gida ranar ɗaurin aure, karatun wani malami da ya riga mu gidan gaskiya wanda ba a taɓa saka shi a rediyo ba. Waƙoƙin Shata, wanda ya rasu a 1999, ko na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, suna hannun dubban mutane da gidajen rediyo, idan kwafi ɗaya ya mutu wani yana nan, amma faifan sunan jariri guda ɗaya ne, galibi kuma shi ne ake samu ba gida, an rubuta masa suna da biro a fuskar hoto, bakin biron ya riga ya huda ruwan kariyar.

Gidan faifai yana riƙe da wani abu kuma bayan faifan, wato bayanin abin da yake ciki. A jikin kwali ne ake samun sunan mawaƙi da 'yan amshi, da situdiyon da aka yi kiɗan, da kamfanin da ya ɗauki nauyi, wani lokaci har da shaidar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Da kasuwar faifai ta durƙushe masu tura waƙa a waya suka karɓi ragamar, sautin ya ƙaura zuwa memori amma wannan bayani bai bi shi ba, shi ya sa a yau waƙoƙi da yawa suke yawo a wayoyi da sunan da ba nasu ba ko ba suna sam, ana kuma jingina wa mawaƙi abin da ba shi ya rera ba. Baƙin gidan DVD yana da wata leda a bayansa wadda ake zura takarda a ciki, saboda haka ana iya buɗe tsohon kwali a shimfiɗa shi a nan, ya zauna tare da faifansa ba tare da ya taɓa shi ba.

Kulawar da ake buƙata ba ta da tsada, ta fi neman natsuwa. Faifai ana jera shi ne a tsaye kamar littattafai a kanta, ba a kwance ana ɗora wani kan wani ba, domin nauyin na sama shi yake tsaga murfin na ƙasa ya kuma karkatar da faifan a hankali. Wurin ajiya ya kasance ɗakin ciki, nesa da taga da gindin bango, sama da ƙasa da aƙalla kamu biyu, kuma kada a fesa maganin sauro ko turare a kan gidajen, kada kuma a goge su da fetur ko kananzir, domin folistirin ba ta jure irin waɗannan ruwaye, takan dusashe ko ta yi laushi. Wajen cirewa a fara danna tsakiya kafin a ɗaga, a riƙe faifan ta baki da rami, idan kuma ya yi ƙura a wanke shi da ruwa mai tsabta tukuna sannan a tsane shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, saboda karcen da ya bi layin sautin ya fi wanda ya gitta shi ɓarna. Idan gidajen da ake da su ba su isa ba, hankali ya nuna a fitar da fim ɗin da yake cike da YouTube daga gida mai kyau a ba wa faifan da ba shi da na biyu.

Gida mafi inganci ma jinkiri kawai yake sayo wa faifan da aka ƙona, domin rinin yana ci gaba da tsufa ko a cikin duhu, na'urorin da za su karanta shi kuma suna ƙarewa, tunda mafi yawan sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka sun daina zuwa da wurin saka faifai, masu gyaran DVD kuma da yawa sun koma gyaran waya. Saboda haka faifan da yake da daraja ga iyali ya kamata a kwafe shi yanzu, tun yana karantuwa, a ajiye kwafin a wurare biyu da ba gida ɗaya ba, a ɗauki hoton kwalin gaba da baya a haɗa da shi, a kuma rubuta sunan taron da shekararsa da waɗanda suke magana a ciki tun dattawan da suka halarta suna nan da za a tambaya. Shi kansa faifan na asali a mayar da shi baƙin gidansa a ci gaba da ajiya, domin memori da filashi su ma suna mutuwa ba tare da gargaɗi ba, kuma ranar da hakan ta faru wurinsa za a koma a sake kwafa.